Likkafanin Inna da Biran Baha

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. A makaranta malamai 'yan uwana sun tsare ni a ɗakin shan shayi. A unguwarmu Utaibiyya duk matar da ta shigo yi wa Inna barka da dawowa sai ta ja ni gefe. Daga Kano kuma saƙonnin murya sun cika mini waya, kowanne minti bakwai, shida na gaisuwa, ɗaya na tambaya. Tambayar dai ɗaya ce: wai da gaske na ɗauki tsohuwa mai shekara kusan tamanin na fitar da ita daga Makka don kallon birai? Da gaske ne. Ga yadda aka yi a rubuce, don duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda in ci gaba da shan shayina.

Ni malamar labarin ƙasa ce a wata makarantar 'yan mata a unguwar Rusaifa, nan cikin Makka. Fiye da shekara ashirin ina zana Bahar Maliya a allo, ina zana duwatsun Sarawat da alli mai launin ƙasa, ina rage wa yara maki idan suka sa Kunfuda a arewacin Jidda, alhali ni kaina ban taɓa taka Kunfudar ba. Da hutun tsakiyar shekara ya matso sai na ce ya isa. Na shimfiɗa taswira a tsakar ɗaki na zana mana da'ira: mu hau dutse zuwa Ɗa'if, mu bi bayan duwatsu zuwa Baha, mu gangara bakin teku a Kunfuda, mu biyo gaɓa ta garin Lis mu dawo gida. Kwana biyar. Na kafa dokoki uku: ba tuƙin da zai wuce awa uku a rana, ba sauka gidan dangi, ba gaisuwar kowa. Mu uku ne, ni da maigidana Sani, da 'yarmu Nuha da ke jami'a, wadda Hausarta ke tafiya da sanda, Larabcinta kuwa da gudu.

Mu Hausawan Makka abu uku ke fitar da mu gari: mutuwa, biki, da ziyarar Madina. Tafiyar da babu gawa babu amarya a ƙarshenta ba mu da sunan da muke kiranta da shi. Wata maƙwabciya ta ce mini, "Mutane na sayar da gona su zo nan, ke kuma kina barin nan ki je ganin kifi?" Na ce mata kifin ma halittar Allah ne, kuma bai taɓa tambayata yaushe zan aurar da Nuha ba.

Shirin shi ne Inna ta zauna gidan Yaya Usman, babban wanmu, mai shagon carbi da darduma a unguwar Jarwal. Sai ga ta ta shigo da sandarta, ta tsaya kan taswirar tana kallo.

"Rakiya, ina Lis a nan?"

Na nuna mata. Ta ɗora bakin sandar a wurin, ta daɗe ba ta ɗaga ba.

"Da ni za a," in ji ta. "A nan jirgin ruwa ya sauke mu ina goye. Ina da mutum a can."

Mun san iyayenta da ƙafa suka zo daga ƙasar Hausa, suka yi shekaru a Sudan suna noman auduga, sannan suka ƙetaro teku. Batun "mutum" kuwa ba ta ƙara ko harafi ba. Abin da ya girgiza gidan shi ne wannan: tun da Baba ya rasu, shekara goma sha tara ke nan, Inna ba ta fita iyakar Harami ba sai Arfa da Madina. Kamar tsofaffinmu da yawa, burinta ajali ya same ta a Makka, a sallace ta a Masallaci, a kai ta inda aka kai mijinta. Likkafaninta na nan a akwati, ƙyalle biyar, an wanke da Zamzam an shanya a kan soro, duk watan azumi tana fito da shi ya sha iska. Ga ciwon suga, ga zuciya da likita ya ce a bi ta a hankali.

Yaya ya zo da yamma bai ko zauna ba.

"Ke Rakiya, karatun ne ya kai ki nan? Mace ta tsare kanta shekara goma sha tara, ki ɗauke ta ki kai ta ta cika a bakin titi, a binne ta a garin da ba wanda ya san sunan ubanta? In ta rasu a wajen Harami, ke za ki amsa."

"Yaya, Arfa ma ai wajen Harami take."

"Kada ki kawo mini taswira. Ni ba ɗalibarki ba ne."

Inna na zaune tana jan carbi kamar ba da ita ake ba. Ita ba ta kiran sunan Yaya, ɗan fari ne. Tun muna yara "mai shago" take ce masa, tun kafin ya mallaki shagon. Sai da ya gama ta ce, "Mai shago, in ka gama wa'azi ka miƙo mini ruwa."

A ƙarshe ya gindaya sharaɗi biyu. Likkafani zai bi ta. Kuma da ta ce wash, a juyo da mota. Washegari ya kawo mini takarda da rubutun hannunsa: kowane gari da awa nawa ke tsakaninsa da iyakar Harami. Na duba, babu kuskure ko ɗaya. Da ɗalibina ne da na ba shi cikakken maki. Likkafanin kuma shi da kansa ya naɗe shi a sabuwar ledar shagonsa, ya ɗaure bakin, ya ɗora wa Inna a cinya. Ku riƙe batun ledar nan, za mu dawo kanta.

Muka fita da hantsi, ni ke tuƙi. Sani na gefe riƙe da takardar Yaya kamar takardar sammaci, Inna da Nuha a baya. Da muka zo ginshiƙan da ke nuna iyakar Harami motar ta yi tsit. Na rage gudu ba tare da na yi niyya ba.

"Me kika tsaya yi?" in ji Inna. "Izini kike jira? Taka."

Na taka. A shingen bincike wani ɗan sanda matashi ya leƙo, ya karɓi katunanmu, ya ga Inna rungume da leda, ya tambaye ta cikin ladabi ko mene ne a ciki. Ta ce masa da Larabcinta na Jarwal, "Kayan tafiyata ne, ɗana, amma ba wannan tafiyar ba." Ya kalli Nuha, ta fassara masa da kalma ɗaya. Ya miƙo katunan da hannu biyu, ya yi mana addu'ar da ta fi ta limamin unguwarmu tsawo.

A hawan dutsen Hada, kan hanyar Ɗa'if, muka fara ganin biran. Gwaggon biri ne, manya, mazan da furfurar gashi a kafaɗa, zaune a kan katangar titi suna duba motoci ɗaya bayan ɗaya kamar ma'aikatan kwastan. Nuha ta yi ta ɗaukar hoto. Inna ta kalli wani babba ta ce, "Wannan ya yi kama da mijin maƙwabciyarmu Hajiya Kulu." Sani ya yi tari ya juya fuska taga.

Sai in faɗi halin da Sani ya shiga, don shi ne shahidin tafiyar nan. Mutumin kirki ne, haifaffen Makka, amma tarbiyyar Sakkwatawa aka yi masa: ba ya cin abinci gaban surukarsa. Shekara ashirin da uku yana kiyaye wannan cikin sauƙi, don gida na da ɗakuna. Mota ba ta da su. A Ɗa'if muka shiga gidan abinci muka sa aka kawo salik, shinkafar nan da ake dafawa da madara har ta yi laushi kamar kunu mai kauri, da kaza a kai. Sani ya ce ya manta wani abu a mota. Na bi shi da faranti na same shi a bayan but, tsaye, yana ci yana waige kamar wanda ya sato. Haka ya yi kwana biyar. Duk wani kyakkyawan wuri da muka tsaya, shi bayan mota ya gani.

Mutanen Ɗa'if kuwa furen wardi ne addininsu na biyu. Suna sa shi a shayi, a ruwan sha, a alawa, a jikin baƙo. Matar da muka kama hayar ɗakunanta ta fesa wa Inna ruwan wardi tun daga ƙofa. Inna ta share fuska ta ce da Hausa, "Mu a wajenmu sai an mutu ake yi wa mutum haka." Matar ta ɗauka godiya ce, ta ƙara fesawa.

Yaya na kira bayan kowace salla. Ba ya tambayar lafiyata. "Nawa sugan ya nuna?" Kullum sugan a sama yake, ni kuma na kasa gane dalili, don ni ke auna mata abinci da cokali. Na fara tsarguwa. A raina na ce ko dai tafiyar ce.

Rana ta biyu muka bi bayan duwatsu zuwa Baha. Sanyi, da hazo mai kauri da ke shigowa ta taga kamar hayaƙin girki. Wani tsoho mai sayar da zuma a bakin hanya ya rantse zumarsa na maganin komai, har suga. Na ce masa ni malama ce. Ya ce shi ma ɗansa malami ne, kuma shi ma bai san komai ba. Na sayi kwalba ɗaya don girmama amsar.

A Baha ne abin ya fara. Garin na can sama, iskarsa ba ta da kauri, sai numfashin Inna ya soma yin gajere. Da la'asar na same ta zaune bakin gado, leɓɓanta sun canja launi, ledar na cinyarta. Muka kai ta wani ƙaramin asibiti. Likitan ya duba ta ya ce tsayin wurin ne bai karɓe ta ba, a sauke ta ƙasa da safe. Ƙasa kuwa hanya biyu ce: ko mu koma ta inda muka fito, ko mu gangara gaba zuwa teku. Sani ya buɗe takardar Yaya ya nuna mini da yatsa. Baha ce ta fi kowane zango nisa da Harami.

Ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba. Na tsorata. Duk bakin da na yi a Utaibiyya ya bar ni a Baha. Na ga kaina tsaye gaban Yaya da dangi, ni mai taswira, wadda ta raba uwarta da abin da ta yi shekara goma sha tara tana jira. Na ce, "Inna, ko mu juya?"

"Na ce wash?"

"Ba ki ce ba."

"To."

Da safe muka kama gangaren. Hanya ce da aka sassaƙa a jikin dutse, rami bayan rami, gada bayan gada, in ka leƙa gefe sai ka ga gajimare a ƙarƙashinka. Da muka sauko kamar rabi Inna ta ce ƙirjinta ya buɗe, a tsaya ta sha iska. Na tsaya a wani fili da aka yi don masu kallo. Akwai allo da ke gargaɗin kada a ciyar da birai. Na karanta shi da ƙarfi, na fassara, har na ƙara bayani, don hali ba ya hutu. Muka zaunar da Inna a kujerar ninkewa tana fuskantar kwari, ledarta a cinya. Sani ya zagaya bayan mota da karin kumallonsa.

Abin da ban sani ba, biran hanyar nan sun yi karatu. Sun san jakar hannu ba komai ciki sai takardu. Sun san leda abinci ce. Wani babba mai furfura ya diro daga kan katanga, ya tako a natse kamar mai zuwa gaisuwa, ya kama ledar da hannu biyu. Inna ta riƙe. Ya ja, ta ja. Ta ɗaga sanda ta ce, "Kai, ɗan banza, ba naka ba ne!" Ya buɗe mata haƙora, Nuha ta ƙwalla ƙara ta janye kakarta baya, shi ke nan leda ta tafi.

Ya haye wani dutse can ƙasa da titi, inda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta je. Ya yage ledar shagon Yaya. Sai ga ma'amul na zubowa, ƙananan wainar nan ta gari mai cike da dabino, ɗaya bayan ɗaya, sun fi ashirin. Birai suka taru kamar ranar rabon zakka.

Na juyo na kalli Inna. Ta kalli kwari.

"Inna. Ma'amul?"

"Nan ne kaɗai ba kya bincikawa," in ji ta.

Gaskiya ta faɗa. Na binciki jakarta, na binciki aljihun rigarta, na binciki ƙarƙashin filo. Wa zai buɗe likkafanin uwarsa yana neman alawa? Ga dalilin sugan da ya hana ni barci, ga kuma abin da birin ya shinshino.

Da suka gama da ma'amul suka koma kan ƙyallen. Ƙyalle biyar, farare tas, wankin Zamzam. Ƙanana biyu suka kama ɗaya suna ja-in-ja har ya rabu. Wata uwa ta tafi da biyu tana jan su a ƙasa, ɗanta na bisa. Babban ya yafa nasa a ka ya zauna yana kallonmu. Iska ta ɗauki na ƙarshe ta yi kwari da shi, muna gani yana ƙanƙancewa har ya zama kamar farar tantabara. Sani ya fito daga bayan mota da gurasa a hannu, ya manta gaban wa yake, ya tsaya yana salati da baki cike.

Daidai nan wayar ta yi ƙara. Yaya ne. Na so in ƙi ɗauka, Inna ta ce in ɗauka in buɗe murya kowa ya ji. Na faɗa masa komai, ban rage ba, har asibitin jiya.

Ya ce, "Rakiya, wace aya kuma kike jira? Jiya numfashi, yau likkafani. Ki juyo da ita yanzu. Yanzu! Ko in taso da kaina."

Da ni kaɗai ce da na juya. Inna ta miƙo hannu na ba ta wayar.

"Usmanu."

Ni da Sani muka kalli juna. A rayuwata ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

"Usmanu, saurara, sau ɗaya zan faɗa. Ina da ya, sunanta Ladi. Shekararta shida da muka shiga jirgi, ni ina goye. Kwana uku a teku ba ruwan kirki. Da aka sauke mu a Lis tana numfashi, kafin rana ta faɗi ta daina. Babu likkafani, babu Zamzam. Uwata ta cire mayafinta ta naɗe ta, ubana ya tona rairayi da hannu da ɓallen katako. Suka tashi suka kama hanyar Makka don kada a kama su. Uwata ta shiga Makka ba mayafi, da tsumman goyona ta rufe kai. Har ta mutu ba ta koma ba, kuma ba ranar da ba ta kira sunan yarinyar nan ba. Ta bar mini saƙon gaisuwa, ni kuma na zauna ina gadin ƙyalle. To faɗa mini, kai da ka san awa nawa ne daga ko'ina: Ladi da ke wajen Harami, Allah ya manta inda take ne?"

Ta gyara riƙon wayar ta ci gaba.

"In bai manta da ita ba, ni ma ba zai ɓatar da ni ba. Kuma yanzu ko na so mutuwa ba ni da kayanta, biri ya yafa. Sai ka jira." Ta miƙo mini wayar. "Kashe. Mu je."

Nuha, wadda rabin maganar ta wuce ta, ta ce wa kakarta, "Sitti, me kika ce masa?" Inna ta ce, "Na ce masa ki koyi Hausa."

Daga nan tafiyar ta zama irin wadda na zana tun farko. Muna sauka zafi ya tarye mu kamar ɗan uwa, launin leɓɓan Inna ya dawo. A Kunfuda muka kama ɗakuna kusa da ruwa. Mutanen gaɓar nan ba sa gaggawa; mai shago zai gama labarinsa kafin ya tambaye ka me kake so, in ka nuna sauri ya ɗauka ba ka da lafiya. Kifi suke karyawa da shi, abin da Inna ta ce ko a Sudan ba ta ji ba. Muka ci sayadiyya, shinkafa mai duhu da aka dafa da soyayyar albasa da romon kifi. Da safe muka ga tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da launin hoda tsaye cikin ruwa, kai a ƙasa, ga kwasakwasa na shawagi da jakarsa a wuya. Muka ga raƙuma sun shiga teku har gwiwa suna cin ganyen itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Shekara ashirin ina koya wa yara cewa raƙumi dabbar hamada ne. Zan gyara darasin.

Yaya bai sake kira ba. Sani yake turo wa saƙo a ɓoye: "Ta ci abinci?"

A Lis muka sha wahalar tambaya. Matasa ba su san ana sauke kowa a nan ba sai kifi. A kasuwar kifi aka haɗa mu da wani tsohon masunci, baƙi siriri, yana gyaran koma. Da ya ji muna magana a tsakaninmu ya ajiye allurarsa ya ce, "Sannu." Ita ce kalmar da kakarsa ta bar masa, ita da "tuwo". Ya faɗe su duka biyun, Inna ta amsa masa duka biyun da cikakkiyar gaisuwa, har da tambayar iyali. Ya ce ya ji manya na cewa can kudu da gari, inda ruwa ba zurfi, nan jirage ke zubar da mutanenmu su juya kafin a gan su. Ya shiga motarsa muka bi shi.

Babu komai a wurin. Rairayi, guntayen ciyayi, ƙaguwa na gudu a karkace, teku shimfiɗe kamar faranti. Ba kabari, ba dutse, ba alama. Na ji kunya kamar ni na share wurin. Na fara cewa, "Inna, wataƙila can gaba..." Ta ɗaga mini hannu.

Ta cire takalmi. Nuha ta riƙe ta har ruwa ya taɓa idon sawunta. Ta juya ta fuskanci rairayin, ta yi sallama kamar mai shiga gida.

"Ladi, ni ce Asabe. Goyon nan. Kin ga yadda na zama. Innarmu ta ce in gaishe ki. Ta ce ba da son ranta ta tafi ba. Na makara, hanya ce ba wanda zai kawo ni sai da na haifi mai taurin kai."

Ta yi addu'a mai tsawo, muka shafa, har masuncin. Sannan ta zauna a rairayi, ta miƙe ƙafa, ta kwanta a gefenta na dama ta rufe ido. Na durƙusa ina kiran Inna, Inna. Ta buɗe ido ɗaya.

"Ke dai ba a hutawa kusa da ke. Ba hutu kika ce mun zo ba?"

Hanyar Lis zuwa Makka ta Yalamlam take bi, miƙatin masu zuwa daga kudu. Ban sa shi a taswirata ba. Inna ce ta ga masallacin ta ce in tsaya. "Ta nan uwata ta shiga, da ƙafa. Ni a bayanta nake, ba a tambaye ni niyya ba. Yau zan yi tawa." Muka yi alwala muka ɗauki niyyar umara, Sani ya sayi harami a shagon wurin ya ɗaura. Daga nan har gida Inna ke jan talbiya da muryarta mai rawa, muna amsawa. Da muka wuce ginshiƙan iyaka ba wanda ya yi shiru, ba wanda ya rage gudu.

Yaya na tsaye ƙofar gida a Utaibiyya. Ban san tun yaushe ba. Maƙwabta sun ce tun azahar. Idanunsa sun yi ja. A hammatarsa akwai sabuwar leda, ba sai an faɗa mini abin da ke ciki ba. Ya buɗe ƙofar mota ya durƙusa ya kama hannunta. Ni ko kallona bai yi ba, na kuwa gode.

"Mai shago," in ji Inna, "tashi, baƙuwa ka yi daga Yalamlam. Ɗauko keken guragun nan, kai za ka tura ni ɗawafi."

Ya miƙo ledar. "Inna, na sa an wanke da Zamzam. Ƙyalle biyar."

Ta taɓa ta da yatsa biyu, kamar mai taya yadi a kasuwa, ta mayar masa.

"Ajiye a shagonka. Na gaji da gadi. In lokaci ya yi, ai ka san awa nawa ne daga ko'ina. Ka kawo mini inda nake."

Shi ya tura ta, zagaye bakwai, yana share fuska da gefen hannu yana cewa zafi ne.

Masu tambaya ko na yi nadama: ban yi ba. Masu tambaya ko birai sun dawo da wani abu: ba su dawo da shi ba. Akwatin da likkafani ya yi shekara goma sha tara a ciki yana nan ƙarƙashin gadon Inna, kuma na lura kwanan nan ya ƙara nauyi, yana ƙamshin dabino. Ban buɗe ba.